Ciwon Mara da Magungunan Gargajiya a Garwa: Sanin Cuta Kafin Shan Magani

Sharhin yau zai duba wani lamari da kusan kowane gida ya san da shi, ko da yake ba a cika zancensa a tsakar gida ba, wato ciwon mara da sauran matsalolin mahaifa da ke damun mata, tare da magungunan gargajiya na ganye da saiwa da sassaƙe waɗanda ake sha ko ake tsarki da su domin neman sauƙi. Magana ɗaya ce sharhin zai tsaya a kanta, kuma za a riƙa maimaita ta. Ciwon mara alama ce da cututtuka da yawa ke tarayya a cikinta, saboda haka sanin abin da ya haddasa shi yana gaba da zaɓen maganin da za a sha.

Da farko, ya dace a san abin da mata ke amfani da shi. Duk wanda ya ratsa babbar kasuwar Garwa, ko kasuwar Pitowa da ke ci ranar Lahadi, zai ga masu magani sun baza saiwoyi da ɓawon itace da ƙulle-ƙullen gari, wasu an samo su a dazukan yankin, wasu kuma fatake ne suka shigo da su daga Yola da Mubi da sauran garuruwan Najeriya. Akwai bagaruwa, wadda ake tafasa 'ya'yanta a zauna cikin ruwan ko a yi tsarki da shi. Akwai sabara da ganyen darbejiya, waɗanda aka fi sani a ruwan wankan jego, da sassaƙen maɗaci da na marke da ake jiƙawa a sha. Sai kayan yaji na ɗakin girki, irin su citta da kanumfari da kimba da tafarnuwa, da kuma hulba da habbatus sauda da masu maganin Musulunci ke sayarwa. Yawancin waɗannan ana ba da su ne da sunan maganin sanyi, kuma a ƙarƙashin wannan suna ake haɗa ciwon mara da ƙaiƙayi da fitar farin ruwa da rikicewar al'ada, har da jinkirin haihuwa.

Wannan ilimi daɗaɗɗe ne, kuma bai kamata a raina shi ba. Tun a shekarar 1916 wani likita ɗan Sikotilan mai suna Dalziel ya wallafa littafin sunayen tsirrai na Hausa, kuma da yawa daga itatuwan da aka ambata yanzu suna cikinsa. A nan arewacin Kamaru ma, masanin harsuna Henry Tourneux, wanda ya daɗe yana aiki a Marwa, ya fitar da ƙamus na Fulatanci kan sassan jiki da lafiya a shekarar 2007, inda ya tattara yadda mutanen yankin Diyamare ke kiran cututtuka da yadda suke fahimtarsu. Dalilan da ke kai mace wurin 'yar mai ganye ko ungozoma su ma ba ɓoyayyu ba ne. Maganin yana kusa, kuɗinsa kaɗan ne, mai sayarwa tana jin Fulatanci ko Hausa, ba a bukatar Faransanci, kuma babu namijin da zai ce a buɗe jiki ya duba. Macen da ta zaɓi wannan hanya ta yi lissafi ne da abin da ke hannunta, kuma mai yi mata kallon jahila bai san halin da take ciki ba.

To, sai tambaya ta biyu, masu sauraro: mene ne binciken zamani ya tabbatar daga cikin waɗannan magunguna? Amsar ta fi ƙarfi a kan ciwon mara na lokacin al'ada, wanda ke kama 'yan mata da yawa a ranar farko da ta biyu ta zuwan jini. Abin da ke jawo shi wani sinadari ne da mahaifa ke fitarwa mai suna furostagilandin, wanda aikinsa shi ne sa naman mahaifa ya riƙa matsewa domin fitar da jinin, kuma idan ya yi yawa sai matsewar ta tsananta har ta zama murɗa mai sa amai da jiri. Gwaje-gwaje da dama, waɗanda aka yi yawancinsu a ƙasar Iran, sun nuna cewa garin citta, idan aka sha shi a kwanakin farko na al'ada, yana rage wannan ciwo, ko da yake mutanen da aka gwada a kansu ba su da yawa. Haka nan ɗumama mara da tsumma mai ɗumi ko kwalbar ruwan ɗumi yana sassauta naman mahaifa, kuma likitoci da kansu suna ba da wannan shawara. A nan tsofaffi da masu bincike sun haɗu a wuri ɗaya.

Bagaruwa kuwa labarinta ya ɗan bambanta. Tana ɗauke da wani sinadari mai bauri da ake kira tanin, wanda ke tsuke nama yana busar da shi, kuma saboda shi ne majeman Marwa ke jeme fata da ita. Zama cikin ruwanta mai ɗumi yana iya rage raɗaɗi da kumburi na waje. An kuma ga cewa ruwan bagaruwa da na marke suna hana wasu ƙwayoyin cuta girma a cikin kwanon gwaji. Sai dai abin da ya faru a kwanon gwaji bai zama hujja ba cewa maganin zai hau har cikin mahaifa da bututunta ya kashe cutar da ta riga ta zauna a can, domin tsakanin kwanon gwaji da jikin ɗan Adam akwai tazara mai nisa, kuma magunguna da yawa sun ci jarrabawar farko sun faɗi a ta biyu.

A nan ne sharhin zai juya zuwa ainihin maganarsa. Hayaƙin da aka hango yana tashi daga cikin gida yana iya zama na murhu, yana kuma iya zama na gobara, kuma wanda ke waje ba zai bambance ba sai ya shiga ya duba. Ciwon mara ma haka yake. Wani na al'ada ne wanda zai wuce da kansa, wani kuwa yana sanar da cutar da ke cin jiki a ɓoye, kuma jiƙon da ya kwantar da zafin bai faɗa wa kowa wanne ne daga ciki ba.

Cuta ta farko da ya kamata a yi bayaninta ita ce kumburin mahaifa da bututunta sakamakon ƙwayoyin cutar da ake ɗauka ta hanyar saduwa, musamman ƙwayar ciwon sanyi na ainihi da wata mai suna kilamidiya. Waɗannan ƙwayoyi suna farawa daga bakin mahaifa, sannan su hau zuwa siraran bututu biyu da ƙwan mace ke bi kafin ya isa mahaifa, kuma idan aka bar su sai su bar tabo a ciki, bututun ya ƙuntata ko ya toshe gaba ɗaya. Daga nan ne rashin haihuwa ke tasowa ga mata da yawa waɗanda suka haihu sau ɗaya ko sau biyu sannan haihuwar ta tsaya. Abin da ya sa cutar ke da haɗari shi ne zafinta yakan lafa ya dawo, sai mace ta ɗauka jiƙon da ta sha ya yi aiki, alhali ɓarnar na ci gaba. Maganinta sananne ne, wato magungunan kashe ƙwayoyin cuta da likita zai rubuta a sha har su ƙare, kuma dole ne maigida ya sha, kishiya ma ta sha idan akwai, in ba haka ba cutar za ta riƙa zagayawa daga ɗaki zuwa ɗaki. Zancen da ya yaɗu cewa a bayan gida ake kwasar irin wannan cuta ba shi da tushe a likitance, illa dai ya zama hanya mai sauƙi ta kauce wa maganar da ta fi nauyi.

Cuta ta biyu ta shafi wannan yanki fiye da wurare da yawa, kuma sharhin zai ɗan daɗe a kanta domin ba a cika ambatonta ba idan ana zancen mata. Ita ce tsargiya. Kowa ya san ta a jikin yara maza masu fitsarin jini, amma kaɗan ne suka san cewa tana kama al'aurar mace da mahaifarta. Ƙananan tsutsotsi ne ke jawo ta, waɗanda ke girma a jikin wata ƙaramar katantanwa mai zama a ruwan da ba ya gudu sosai, sannan su fito su ratsa fatar wanda ya shiga ruwan domin wanki ko wanka ko kamun kifi ko aikin shinkafa. Kogin Binuwai da tafkin madatsar Lagdo, wadda aka kammala a shekarar 1982, da magudanan ban ruwa da ke ƙasa da ita, da kuma tafkin Maga da gonakin shinkafa na bakin kogin Logon a Arewa Mai Nisa, duk wurare ne da aka san cutar a cikinsu. Idan tsutsar ta balaga a jijiyoyin jini na mara, ƙwayayen da take sakawa suna maƙalewa a mafitsara, a jikin mace kuma har da bakin mahaifa da farji, inda suke jawo ciwon mara da ƙaiƙayi da fitar ruwa da ganin jini bayan saduwa, wani lokaci har da rashin haihuwa. Alamomin sun yi kama da na cututtukan saduwa ƙwarai, har ma'aikatan lafiya kan rikita su, kuma ta haka ne ake iya zargin yarinyar da ba ta san namiji ba, ko matar aure mai kamun kai, da abin da ba ta aikata ba. Babu jiƙo ko tsimin da aka tabbatar yana kashe wannan tsutsa. Ƙwayar da ke kashe ta ita ce Praziquantel, irin wadda ake raba wa yara a makarantu, kuma amfaninta ya fi yawa idan an sha da wuri, domin tabon da ya daɗe ba ya gogewa gaba ɗaya. Saboda haka macen da ta tashi a bakin ruwa, ko take aiki a cikinsa, ya kamata ta faɗa wa ma'aikacin lafiya wannan da bakinta tun kafin ya tambaya.

Sauran cututtukan za a ambace su a taƙaice, ba don sun fi sauƙi ba. Akwai ƙarin mahaifa, wato tsiron nama a bangon mahaifa wanda ya fi yawa a tsakanin matan Afirka, mai jawo nauyin mara da zubar jini mai yawa har jini ya yi ƙaranci, kuma hoton ciki, wanda a nan ake kira ekogirafi, shi ke nuna shi. Akwai sankarar bakin mahaifa, wadda ita ce ta biyu bayan sankarar mama a tsakanin matan Kamaru, kuma takan fara da ɗigon jini ba lokacin al'ada ba ko ruwa mai wari. Tun shekarar 2020 ƙasar ta sa allurar rigakafinta cikin jerin alluran yara mata masu shekara tara. Sannan akwai cikin da ya zauna a bututu maimakon mahaifa, wanda shi ne mafi gaggawa duka. Macen da al'adarta ta yi jinkiri, sannan ta ji ciwo mai tsanani a gefe ɗaya na mara tare da jiri ko suma, tana iya kasancewa jini na zuba a cikin cikinta, kuma abin da zai cece ta shi ne tiyata a cikin sa'o'i kaɗan. Wannan ba lokacin tafasa ganye ba ne. A nan ne kuma haɗarin magungunan da ake ce suna wanke mara ko suna kawo al'ada yake, domin wasu saiwoyi masu ɗaci suna sa mahaifa matsewa, kuma macen da ba ta san tana da ƙaramin ciki ba tana iya yin ɓari da zubar jini a sanadinsu.

Masu sauraro, yanzu sai abin da ake cusawa a jiki, wanda ya bambanta da abin da ake sha. Allah Ya halicci farjin mace da wasu ƙwayoyin halitta masu amfani, waɗanda ke sa wurin ya kasance da ɗan tsami, kuma wannan tsamin ne ke hana miyagun ƙwayoyi zama. Farin ruwa kaɗan marar wari da ƙaiƙayi alamar lafiya ce, kuma yakan ƙaru ya ragu gwargwadon kwanakin wata. Idan aka riƙa wanke ciki da sabulu ko ruwan magani, ko aka cusa garin ganye ko alif ko kanwa ko haɗin matsi irin na kayan mata, sai a kashe masu gadin wurin, fatar ta bushe ta tsattsage, ƙwayoyin cuta su sami ƙofa, har da ƙwayar cutar ƙanjamau. Sau da yawa ƙaiƙayin da mace ke nema wa magani, maganin da ta cusa jiya ne ya haifar da shi, sai ta ƙara wani, lamarin ya zama zagaye. Tsarki da ruwa mai tsabta daga waje ya wadatar.

Jego ma yana da nasa bayani. Wankan ruwan zafi da ganye da shan kunun kanwa na kwana arba'in al'ada ce da Hausawan Garwa ke tarayya a cikinta da 'yan uwansu na Kano da Zariya, kuma hutun da mai jego ke samu da kulawar iyaye abu ne mai kyau. A shekarun 1970 likitoci biyu a asibitin koyarwa na Zariya, Davidson da Parry, sun danganta yawan ciwon zuciya da kumburin jiki a tsakanin masu jego da yawan kanwa, wadda ke cike da gishiri, da kuma tsananin zafin da ake gasa jiki da shi. Binciken baya-bayan nan da Farfesa Kamilu Karaye ya jagoranta daga Kano ya nuna cewa akwai wasu dalilai, kamar hawan jini na masu ciki da ƙarancin abinci mai gina jiki. Ko ma wanne ne ya fi tasiri, mai jegon da ƙafafunta suka kumbura ko numfashinta ke sarƙewa, ko wadda ciwon mararta ya zo da zazzaɓi da jini mai wari, asibiti take bukata, ƙara zafin ruwa ba zai yi mata komai ba. Matan da suka sayi takardar Shek Sante, shirin kula da masu ciki da aka fara a yankunan arewa uku kan sefa 6,000, su sani cewa kulawar da suka biya ta haɗa da makonni shida na bayan haihuwa.

Saura batun gorunan roba marasa suna da ake yawo da su a mota da lasifika, ana cewa gora ɗaya tana maganin sanyi da basir da shawara da rashin haihuwa. Wannan sana'a daban take da ta tsohuwar da ta gaji ganye uku ko huɗu daga kakarta kuma ta san iyakarsu. Ƙarfin ganye yana sauyawa da ƙasar da ya tsiro a kai da lokacin da aka cire shi da tsawon tafasawa, don haka kofi ɗaya na yau ba lallai ya zama daidai da na gobe ba, kuma hanta da ƙoda su ke ɗaukar nauyin abin da ya wuce kima. Hukumomi sun san da wannan giɓi. Akwai cibiyar binciken lafiya da nazarin tsirran magani ta IMPM a Yawunde, ana bikin ranar maganin gargajiya ta Afirka kowace 31 ga Agusta, kuma a watan Disamba na 2024 shugaban ƙasa Paul Biya ya sa hannu kan dokar da ta tsara sana'ar maganin gargajiya a Kamaru. Jami'ar Garwa, wadda aka kafa a shekarar 2022 kuma take da tsangayar koyon likitanci, ita ce ta fi kowa kusa da bagaruwa da sabarar wannan yanki, kuma babu wanda ya fi ɗalibanta dacewa da auna su. Amma doka a takarda ba ta leƙa cikin gorar da ake sayarwa a bakin tasha, kuma kafin ta leƙa, mai saye ce ke ɗaukar kasadar.

Ba za a yi adalci ba idan aka ɗora nauyin duka a kan mata da masu ganye. Asibitin da ake yi wa mace tsawa, ko ake tambayarta sirrinta a gaban jama'a, ko babu mai fassara mata abin da likita ya ce, shi da kansa yake mayar da ita wurin mai jiƙo. Magidanta kuma su ne ke riƙe da izinin fita da kuɗin mota a gidaje da yawa, kuma wanda ya sayo wa iyalinsa gorar magani sau biyar ya riga ya kashe abin da zai isa awo da gwaji. Kunya ado ce, amma Hausawa sun ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma addini bai hana neman magani ba. Masu maganin gargajiya na ƙwarai suna da babban matsayi a nan, domin su ne mace ke fara gaya wa damuwarta, kuma ungozoma ko 'yar mai ganyen da ta ce wannan ya fi ƙarfina, a tafi asibiti, ta ƙara wa kanta daraja ne a idon unguwa.

Iyaye mata da 'yan uwa masu sauraro, kalma ta ƙarshe taku ce. Ciwon al'ada da kuka saba da shi, wanda ke zuwa da jini ya tafi da shi, ku ɗumama mara, ku sha shayin citta, ku huta. Amma idan ciwon ya zo da zazzaɓi, ko ruwa mai wari, ko jini ba lokacinsa ba, ko bayan saduwa, ko al'ada ta yi jinkiri, ko ya wuce mako bai lafa ba, ku je cibiyar lafiya mafi kusa ko asibitin yanki na Garwa a duba ku, ku tafi da gorar ko ƙullin da kuka riga kuka sha domin ma'aikacin lafiya ya gani, kuma ku gaya masa idan kuna shiga ruwan kogi ko na fadama. Magidanta, ku raka su, ku ma a gwada ku. Allah Ya ba marasa lafiya sauƙi, a huta lafiya.